Kifin da ake kamawa a sake: abubuwan mamaki daga tsaunukan Lesoto

A kudu maso gabashin ƙasar Lesoto, daf da iyakar Afirka ta Kudu, akwai wani gandun daji da ake kira Sehlabathebe. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 70 ba. Babu zaki, babu giwa, ko itatuwan kirki da mutum zai fake a inuwarsu babu. Ciyawa ce, sai duwatsu, sai ruwa mai sanyin da ke sa haƙora kaɗawa. Duk da haka mutane kan tsallako teku su zo, su ƙara da doguwar tafiyar mota a kan hanya mai karya ƙashin baya, don abu biyu kacal: yawon ƙafa a kan tsauni, da wata irin fatsa da ba a sa wa tana. Ga wasu daga cikin abubuwan da ke wannan yanki da ke sa mutum ya riƙe baki.

A fara da tsayi. Lesoto ce kaɗai ƙasa a duniya da ko'ina a cikinta ya haura mita 1,000 daga doron teku. Kwarin da ya fi ko'ina zurfi a ƙasar yana wajen mita 1,400. Shi kuwa gandun Sehlabathebe, matsakaicin tsayinsa kusan mita 2,400 ne. Tsauni mafi tsawo a duk Najeriya, Chappal Waddi da ke gandun Gashaka Gumti a jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ke nan inda ɗan Najeriya zai tsaya yana haki yana cewa ya kai ƙololuwa, a nan mai ziyarar Sehlabathebe yake kafa tanti ya ɗora shayi.

Shayin ma da sauran rina a kaba. A wannan tsayi ruwa yakan tafasa tun yana wajen digiri 92, saboda nauyin iska ya ragu. Yana ɓararraka, amma zafinsa bai kai na ƙasa ba. Wanda ya ɗora wake sai ya yi haƙuri.

Lokutan shekara a juye suke. Yuni zuwa Agusta, sa'ad da manomi a Katsina ke fama da noman farko, nan ne tsakiyar hunturu a Lesoto, dusar ƙanƙara na rufe hanyoyi. Har wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara suke da shi a arewacin ƙasar, mai suna Afriski, a tsayin da ya wuce mita 3,000. Damina kuwa daga wajen Oktoba zuwa Maris take, kuma ita ce ta fi haɗari ga mai yawon tsauni. Gari kan waye tas, kafin la'asar hadari ya haɗu, tsawa ta fara sauka a fili inda mutum shi ne abu mafi tsayi. Hazo kan sauko cikin 'yan mintoci ya shafe hanya. Shi ya sa a ɓangaren Afirka ta Kudu akwai littafi a ƙofar shiga, dole ka rubuta sunanka, inda za ka bi, da ranar da za ka dawo, don a san inda za a fara nema.

Daga wancan ɓangaren, hanyar da ta fi kusa zuwa Sehlabathebe mota ba ta bin ta. A shingen iyaka na Bushman's Nek ake buga wa mutum hatimi a fasfo, sa'an nan ya saɓa jakarsa ya hau tsauni da ƙafa ko a kan doki, tafiyar sa'o'i, kafin ya shiga wata ƙasa.

Can arewa da nan akwai mashigar Sani, wadda ta fi suna. Ofishin iyakar Afirka ta Kudu yana gindin tsauni, na Lesoto yana bisa, a mita 2,870 da 'yan kai, tsakaninsu kimanin kilomita 8 na kwana-kwana. Asalinta hanyar alfadarai ce da ake sauko da ulu a hau da masara. Sai a 1948 mota ta fara hawanta.

Yanzu ga fatsar. Mai fatsa a wurinmu tana yake sa wa ƙugiya, ko ɗan gutsuren kifi, ya ɗaura dalma ya jefa. Waɗannan mutane ƙwaron ƙarya suke haɗawa. Ana ɗaukar ƙugiya ƙarama, wata ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, a naɗa mata zare, a ɗaura gashin wuyan zakara, da ɗan gashin barewa ko na zomo, har ta fito da siffar ƙuda, ko fara, ko tsutsar ruwa. Tun da ba ta da nauyin da za a iya wurga ta, sai aka juya dabarar: zaren fatsar ne ake yi wa kauri da nauyi, shi ake kaɗawa a iska gaba da baya da sanda mai lanƙwasa, tsawonta kimanin ƙafa 9, har ya miƙe ya ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali. A da da gashin wutsiyar doki ake tufka wannan zare, daga baya siliki, yau kuma roba.

Gwanin wannan sana'a ba ya fara jifa da isowarsa. Yakan tsuguna ya juya duwatsun bakin rafi ya ga irin ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashi, ya duba abin da ke tashi a saman ruwa, sa'an nan ya buɗe akwatinsa ya zaɓi wanda ya yi kama. Kuma daga ƙasa yake tunkarar kifi yana haurawa, domin kifin rafi kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da zai gangaro masa. Baƙin tabarau da suke sawa aiki biyu yake yi: yana kashe ƙyallin ruwa a ga kifi, yana kuma kare ido daga ƙugiyar da ke shawagi kusa da kunne.

Abin ba sabo ba ne. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masunta a Makedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu, kifi ya zabura ya haɗiye. A tsaunukan Japan ma akwai tsohuwar hanya irin wannan da ake kira tenkara, sanda ce da zare da ƙwaron ƙarya, babu abin naɗe zare.

Ɗaya daga cikin ƙwarin da aka fi kwaikwayo yakan yi wata da watanni, wani har shekara, yana tsutsa a ƙarƙashin ruwa. Ranar da ya yi fiffike ya tashi, bakinsa ba ya aiki, ba ya cin komai. Barbara kawai ta fito da shi, kuma yawanci ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Son gashin tsuntsu ya taɓa kai wani gaban alƙali. A Yunin 2009 wani saurayi ɗan Amurka mai suna Edwin Rist, ɗalibin busa sarewa a Landan, ya fasa tagar gidan tarihin halittu da ke Tring a Ingila, ya cika akwati da fatun tsuntsaye 299 masu launi, wasu an tattaro su tun ƙarni na 19. Ya riƙa fige su yana sayar wa masu ɗaura ƙwaron ƙarya ta intanet. Abin dariyar shi ne, irin waɗannan ƙwari masu tsada akasari ba sa taɓa ruwa, a gilashi ake ajiye su a yi ta kallo. Kotu ta yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, bai kwana a kurkuku ba. Sai kuma a 2011 'yan mata a Amurka suka ɗauki yayin kitsa dogon gashin zakara a cikin sumarsu. Masu gyaran gashi suka wawashe shagunan kayan fatsa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masunta suna ta ƙorafi.

Bayan duk wannan wahala, idan kifi ya kamu, sakinsa ake yi. Ana lanƙwashe ƙayar ƙugiya tun farko don ta fita da sauƙi, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a ɗauki hoto, a riƙe shi a ruwa har ya dawo hayyacinsa, a buɗe hannu. Masuncin Argungu da ya shiga Matan Fada da homa da gora ya fito da giwan ruwa a kafaɗa, in aka gaya masa wani ya biya kuɗin jirgi don ya kama kifi ya mayar, zai ce a duba lafiyar mutumin. Amma lissafin yana da ma'ana: ƙaramin rafin tsauni ba ya ɗaukar kifi da yawa, kuma kifin da aka saki bana shi ne zai jawo wani baƙo da kuɗinsa baɗi.

To, kifin da ake wa duk wannan hidima, wato tirawut, baƙo ne. Babu shi a kudancin Afirka kafin zuwan Turawa. Iri biyu ne. Mai ruwan ƙasa-ƙasa daga Turai yake; a 1890 wani manomi mai suna John Parker ya ƙyanƙyashe ƙwan da aka yo odarsa daga Sikotlan ya zuba 'ya'yan a kogunan Natal, a Afirka ta Kudu. Mai ratsin ja a gefe kuwa asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, ya iso ƙarshen shekarun 1890. A cikin akwatunan ƙanƙara da gansakuka ake ɗauko ƙwan a jirgin ruwa, yawancinsu su lalace a hanya, a sake yo wasu. Kifi ne mai son sanyi, domin ruwan sanyi ya fi riƙe iskar da yake shaƙa. Da zarar ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita. Shi ya sa bai bazu a ƙasa ba, ya maƙale a tsauni.

A tsaunin kuma ya tarar da masu gida. Akwai wani ɗan mitsitsin kifi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba sai kaɗan, mai jan tabo a gindin fiffike, da ake kira ɗan kifin Maloti. A 1938 masana suka fara rubuta bayaninsa daga rafin Umkomazana da ke ɓangaren Natal. Daga nan aka neme shi aka rasa, shekara fiye da talatin, har aka fara lissafa shi cikin waɗanda suka ƙare. Kwatsam a 1970 aka gan shi a rafin Tsoelikane, a cikin Sehlabathebe. Abin da ya cece shi a wurare da dama shi ne inda ruwa ke zubowa daga kan dutse: tirawut ba ya iya haurawa, sai ɗan kifin ya samu mafaka a sama. A 2017 masana suka sanar cewa sun sake samunsa a Afirka ta Kudu ma, a rafukan da ke zuba cikin kogin Mzimkhulu.

Nan ne labarin ya yi daɗi. Firayim ministan Lesoto na farko bayan 'yancin kai a 1966, Leabua Jonathan, mutum ne mai son fatsar tirawut, kuma a zamaninsa, wajen 1970, aka keɓe Sehlabathebe ya zama gandun ƙasa na farko. Tsohon masaukin da ke ciki ma da sunansa ake kiransa. Wurin da aka so saboda baƙon kifi, yau babban abin alfaharinsa shi ne ɗan kifin da baƙon ke cinyewa. Tirawut ɗin nan iri biyu duka suna cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna idan an kai su wata ƙasa, wanda masana kare muhalli na duniya suka fitar. A Afirka ta Kudu an daɗe ana ja-in-ja tsakanin hukuma da ƙungiyoyin masu fatsa a kan ko a ayyana shi maɓarnaci. Su masu fatsar hujjarsu ita ce garuruwa da yawa da shi suke ci, kuma ya fi shekara ɗari a ƙasar. A ganina duka ɓangarorin suna da abin faɗa, sai dai wanda ya ɗauki bokitin tirawut ya haura da shi saman mazubar ruwa, wannan ba shi da uzuri ko kaɗan.

Sojoji suka kifar da Jonathan a Janairun 1986. A Oktoban wannan shekara sabuwar gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar sayar wa Afirka ta Kudu ruwa. Daga nan aka gina madatsar Katse, mai tsayin mita 185, wadda ruwanta ke bin ramuka ta ƙarƙashin tsaunuka har ya kai famfunan Johannesbag. A cikin wannan tafki ake kiwon tirawut a keji, kuma an sha kai shi kasuwar Japan. Ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku ta sayar wa Japanawa kifi.

Katse ɗin ta haifar da wani abin. Duk daminarsu, daga wajen Nuwamba, wani kifi ɗan ƙasa mai launin zinariya yakan baro tafkin ya haura rafin Bokong garke-garke don ya yi ƙwai. Ruwan garau yake, ana hango kifin daga kan tudu, a zaɓi wanda ake so a jefa masa farar ƙarya. A ƙauyen Makhangoa akwai sansanin masu fatsa da ake gudanarwa tare da mutanen gari, suna samun rabo daga kuɗin baƙi, su ne kuma masu gadin rafin. Da yawa daga waɗanda suka gwada sun ce wannan ɗan gida ya fi tirawut ƙarfin ja.

A ɗaga kai sama kuma. Akwai wata ungulu mai gemu da faɗin fikafikanta ke kusan mita 3, wadda ba ta damu da nama ba. Ƙashi ne mafi yawan abincinta. Ƙarami ta haɗiye shi ɗungurungum, ruwan cikinta ya narkar da shi. Babba ta ɗauke shi sama ta sako a kan falalen dutse ya farfashe. Ƙirjinta fari ne a halitta, ita ce ke zuwa ta yi birgima a jan taɓo mai tsatsar ƙarfe ta rine kanta. A duk kudancin Afirka waɗannan tsaunuka kaɗai suka rage mata, kuma ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Akwai ɓeran ƙanƙara. Ba ya kwanciyar hunturu kamar wasu dabbobin ƙasashen sanyi, jikinsa kuma ba wani jure sanyi yake ba. Fitowa yake ya baje a kan dutse ya sha hantsi. A cikin rami sukan cunkushe wuri ɗaya su ɗumama juna, amma da sun fito fili sai faɗa a kan ciyawa.

Wata siririyar barewa mai toka-toka da ke tsalle a gangaren nan, daga sunanta a harshen Afirkans kamfanin takalma na Reebok ya samo nasa.

A saman falalen duwatsu akwai 'yan ƙananan kwarmi da ruwan sama ke taruwa. A cikinsu wani ɗan farin fure mai rawaya a tsaka yake tsirowa, tsiron ruwa kamar bado, wanda da sunan gandun ake kiransa, kuma ba a samunsa sai a nan da 'yan wurare kaɗan na kusa. Furen ƙasar Lesoto kuwa wani tsiro ne dangin zabuwa da ganyensa ke jeruwa a murɗe, sahu biyar, wani ya murɗa dama wani hagu. Doka ta hana tumɓuke shi, kuma wanda aka sato aka kai ƙasa mai zafi yawanci mutuwa yake.

Duwatsun kansu hawa biyu ne. Na ƙasa rairayi ne da ya daskare, mai laushi, wanda iska da ruwa suka sassaƙa ya zama koguna da ƙofofi. Na sama baƙin dutse ne na aman wuta da ya malalo kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. A ƙarƙashinsu akwai sawun dabbobin dinaso. A garin Quthing, kan hanyar kudu, ana nuna su a gefen titi. Har akwai wata ƙaramar dinaso da aka raɗa wa sunan ƙasar a 1978.

A cikin kogunan ne mutanen San, mafarautan da suka riga kowa zama a nan, suka bar zane. Sehlabathebe kaɗai na da wurare 65. A duk jerin tsaunukan nan, wato Drakensberg, an ƙirga wurare kusan 600 da zane wajen 35,000, kuma dabbar da suka fi zanawa ita ce ilan, wata ƙatuwar dangin gwanki. Wannan na cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sa ɓangaren Afirka ta Kudu a jerin kayan tarihin duniya a 2000, aka haɗa da Sehlabathebe a 2013. Masu yawo kan kwana a wasu koguna, ban da masu zane, kuma hura wuta haramun ne, domin hayaƙi na cinye fenti.

Mutumin da za ka fi haɗuwa da shi a can sama makiyayi ne: saurayi cikin bargo, da hular sanyi mai rufe fuska, da takalmin roba, da sanda, da karnuka. Yakan yi watanni a bukkar dutse da tumaki da awaki masu ulu. Bargon nan da ya zama tambarin Basoto, wato mutanen Lesoto, ana danganta farkonsa da kyautar da wani ɗan kasuwa ya yi wa Sarki Moshoeshoe na Ɗaya wajen 1860, kuma har yau a wata masaƙa da ke Afirka ta Kudu ake saƙa shi. Wanda ya kalli fim ɗin Black Panther na 2018 ya gan shi a kafaɗar masu gadin iyaka.

Tsauni mafi tsawo a kudancin Afirka, Thabana Ntlenyana, mita 3,482, yana nan cikin Lesoto, kuma ba shi da wani kwarjini, tudu ne a kan tudu. Ruwan da ya zuba a wannan doro kuwa rabonsa ya danganta da 'yan taku: wanda ya gangara yamma ya bi Senqu, wato kogin Oranj, sama da kilomita 2,000 zuwa tekun Atilantika, wanda ya gangara gabas ya faɗa koguna irin su Tugela zuwa tekun Indiya. Faɗuwar Tugela daga bakin tsauni an daɗe ana cewa mita 948 ce, ta biyu a duniya bayan ta Angel a Benezuwela mai 979. Wani awo da aka yi a 2016 ya ba ta 983, gardama ta tashi. Mai son ganin inda take zubowa sai ya hau tsanin sarƙa da aka kafa a jikin dutse. A Semonkong kuma ruwan Maletsunyane na faɗowa mita 192 a tashi ɗaya, kuma a gefensa ake zura mutane da igiya mita 204 zuwa ƙasa, da kuɗinsu.

Wannan fatsa ta gashin zakara ta iso kusa da mu. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai kusa da iyakar Adamawa, baƙi kan zo da rani su jefa wa tsage ƙwaron ƙarya da rana. Da dare kuma su koma kan giwan ruwa, da wani abin ƙarya mai tsawon tafin hannu da aka yi shi da siffar ƙaramin kifi, a ramukan da dorina ke kwana, mai gadi na tsaye a bayansu yana haska kada da tocila.